Amsa: A-kori-kurata tana jijjiga fasinjoji

Malam, ka ce a-kori-kurarka tana jijjiga mutane a hanyar Kachia, kana so ta yi laushi. Fara da iskar taya, nan ne matsalar ta fi ɓuya. Masu faci da yawa sukan cika ta kamar za ka ɗauko siminti. Duba takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, ka sa iska daidai da nauyin da kake ɗauka, amma kada ka rage fiye da haka, taya za ta yi zafi ta fashe.

Sifirin baya, wato fallayen ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyin motar a saitin tayoyi, don kaya aka ƙera shi, shi ya sa motar ke tsalle idan ba lodi. Buhunan yashi biyu ko uku, a ɗaure su sosai a saitin tayoyin baya, suna kwantar da ita.

Don Allah kada ka yarda bakanike ya zare maka falle ɗaya daga sifirin. Rayuka kake ɗauka, motar za ta riƙa tangaɗi a kwana.

Idan shokabzoba, wato abin da ke shanye girgizar mota, yana yoyon mai, ko robobin sifirin sun cinye, ka leƙa Panteka, kasuwar kayan gyaran mota. Ka canza shokabzoba biyu tare, hagu da dama.