Kafin ka biya kuɗin kwamfutar nan

Ɗana, ka ce wani a kasuwar Katako ya nuna maka kwamfuta Core i7 mai babban katin hoto, kana tambaya ko za ta yi maka aikin ɗaukar waƙa da manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio. Dakata tukuna.

Katin hoton nan na masu wasan gem ne da masu haɗa bidiyo, sauti ba ruwansa da shi. Zafi kawai zai ƙara maka, fanka ta yi ta huci, makirfo kuwa ba ya rufa wa kowa asiri, duk hucin sai ya shiga muryar mawaƙi. Bari watan Afrilu ya zo, zafin Yamai ya haura digiri 40, ka ji yadda take gurnani.

Sunan i7 ma kada ya ruɗe ka, lambar da ke binsa ita ce magana. i7-3520M zubin 2012 ne, i5-8250U na 2017 ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Kada ka sauka ƙasa da zubi na 8 (wato 8 ɗin da ke farkon lamba irin 8250U), don daga nan Windows 11 ya fara karɓa, Windows 10 kuwa Microsoft ta daina kula da shi tun Oktoban 2025. RAM, wato ma'ajiyar da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai, ta kai giga 16, faifan ajiya ya zama SSD, irin mai saurin nan. Giga 8 za ta ɗauki murya a kan kiɗa, amma da ka jibga mata kayan kiɗa da ifet, wato kayan gyaran sauti, sai ta fara sarƙewa.

Rarar kuɗin ka kai wajen katin sauti na waje, irin Focusrite Scarlett 2i2. Shi ke bai wa makirfo kondansa wutar 48V, kuma da direban ASIO ɗinsa, manhajar da ke rage jinkirin sauti, mawaƙi zai ji kansa a kunne nan take. In muryarsa tana iso masa a makare, ko gwani ne sai ya saki kiɗa. Lokacin ɗauka sa bafa, wato yawan sautin da injin ke tarawa kafin ya fitar, a 128, lokacin haɗawa ka ɗaga ta zuwa 1024 injin ya sarara.

Sai maganar kuran. Kwamfutar hannu tana da batir, in an ɗauke wuta aikinka na nan. Ta tebur kuwa ba ta zama sai da ondilar, akwatin batir mai riƙe ta in an ɗauke wuta. Da hunturu kuma riƙa hure mata ƙura.

Gobe ka zo in sa maka wani aikin FL Studio mai nauyi a kile USB. Buɗe shi gaban mai sayarwa, bar shi ya yi rabin awa yana juyawa, ka kasa kunne ko sautin na tsinkewa, sannan ku yi ciniki.