Ku Tambaya Mu Amsa: Ina Ikon Kakakin Majalisar Jiha Ya Tsaya?

Tambaya daga wani malamin makaranta a Gusau: Mukan ji an ce 'yan majalisa kaɗan sun taru da sassafe sun tsige kakaki, wani lokaci har a gudu da sandar majalisa. Mutum nawa doka ta ce su tsige kakaki, kuma sanda ce ke halatta zama?

Malam, sashe na 92 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya yanke wannan magana. 'Yan majalisa ne ke zaɓen kakaki da mataimakinsa daga cikinsu, kuma ba a cire ɗayansu sai da ƙuri'ar aƙalla kashi biyu bisa uku na 'yan majalisar. Lissafin daga dukkan mambobi ake yin sa, har da waɗanda ba su zo ba. Majalisa mai mutum 24, wadda ita ce mafi ƙanƙanta da doka ta yarda, sai an samu 16. Mai mutum 40 irin ta Kano da Legas, sai 27.

Inda ake rikita mutane shi ne, akwai wani adadi daban na fara zama. Sashe na 96 ya ce kashi ɗaya bisa uku sun isa a zauna, wato mutum 8 a majalisa mai 24. Waɗannan takwas za su iya muhawara su zartar da ƙudurin yau da kullum da rinjaye, amma ba za su iya taɓa kujerar kakaki ba. Idan ma aka fara zama, wani ya miƙe ya ce adadi bai cika ba, dole mai jagoranci ya jira ɗan lokacin da ƙa'idojin majalisar suka tanada, ya sake ƙirgawa ba tare da sa kansa ba, in har yanzu ba a cika ba ya ɗage zaman.

Sanda kuwa alamar ikon majalisa ce bisa al'ada da ƙa'idojin zama. Kundin tsarin mulki bai ambace ta ba ko sau ɗaya, don haka wanda ya riƙe ta bai samu ƙuri'ar da ba shi da ita ba.

Tambaya daga wata 'yar kasuwa a Katsina: Ɗan majalisar mazaɓarmu yana kukan kakaki ba ya ba shi damar magana. Yana da wannan ikon?

Hajiya, yana da shi, amma da iyaka. Sashe na 101 ya ba kowace majalisa ikon tsara ƙa'idojin aikinta, kuma a cikinsu ne mafi yawan ƙarfin kakaki yake. Shi ke ba da izinin magana, shi ke yanke hukunci idan aka ja hankalinsa cewa an saɓa ƙa'ida, kuma yana da babban tasiri kan jadawalin abin da za a tattauna da rabon shugabancin kwamitoci. A ganinmu jadawalin nan ya fi komai nauyi. Ƙudurin doka yakan bi karatu na ɗaya, na biyu inda ake muhawara kan manufarsa, ya je kwamiti a duba shi sashe-sashe, sannan karatu na uku. Ƙudurin da ba a sa shi a jadawali ba yana iya kwanciya har wa'adin shekara huɗu ya ƙare ba tare da kowa ya ƙi shi a fili ba.

Sai dai kakaki ba ya jefa ƙuri'a idan yana jagoranci, sai an yi kunnen doki, kamar yadda sashe na 98 ya ce. Abin da ɗan majalisarku zai yi shi ne ya miƙa sanarwar ƙudurinsa a rubuce ta ofishin akawun majalisa, ya nemi mai mara masa baya tun kafin zama, kuma idan an yi ƙuri'ar baki aka ce masu "e" sun yi rinjaye alhali yana shakka, ya nemi a ƙirga mutum-mutum nan take kafin a wuce zuwa batu na gaba.

Tambaya daga wani ɗalibi a Bauchi: Kakaki zai iya korar wanda ya sauya sheƙa?

Sashe na 109 ya ce wanda ya bar jam'iyyar da ta tsayar da shi ya koma wata kafin wa'adi ya ƙare ya rasa kujerarsa, sai in jam'iyyar ta dare ko ta haɗe da wata. Haka wanda ya ƙaurace wa fiye da kashi ɗaya bisa uku na kwanakin zama a shekara ba da dalili ba. Kakaki ne ke aiwatar da hukuncin, amma sai an fara gabatar da hujjar da ta gamsar da majalisa.

Tambaya daga wani ma'aikaci a Yola: Mene ne aikin kakaki wajen tsige gwamna?

Sashe na 188 ya jera matakan, kowanne da kwanakinsa. Aƙalla kashi ɗaya bisa uku na mambobi su sa hannu kan takardar zargi mai cikakken bayani su miƙa wa kakaki. Cikin kwana 7 ya ba gwamna da kowane ɗan majalisa kwafi. Cikin kwana 14 da miƙa takardar, majalisa ta yi ƙuri'a ba tare da muhawara ba kan ko a bincika, kuma sai kashi biyu bisa uku na dukkan mambobi sun yarda. Daga nan kakaki ya buƙaci babban alƙalin jiha ya naɗa mutum bakwai cikin kwana 7, su kuma su kawo rahoto cikin wata uku. Idan suka ce zargi bai tabbata ba, magana ta mutu. Idan ya tabbata, a sake neman kashi biyu bisa uku cikin kwana 14.

Gaggawa ce ke rusa yawancin irin wannan aiki. A watan Disamba na 2005 'yan majalisar Oyo 18 cikin 32 sun zauna a otal a Ibadan suka fara shirin tsige Gwamna Rashidi Ladoja, aka tsige shi a watan Janairu na 2006, kuma kafin shekarar ta ƙare Kotun Ƙoli ta soke tsigewar, ya koma kujerarsa. Hujjar da ake kafawa cewa kotu ba ta da hurumi a maganar tsigewa ba ta yi aiki ba, domin ba a bi matakan ba.

Idan gwamna da mataimaki duka suka bar mulki, sashe na 191 ya ba kakaki riƙon jiha na abin da bai wuce wata uku ba, a yi zaɓe. Haka kakaki Ahmadu Umaru Fintiri ya karɓi Adamawa a 2014 bayan tsige Gwamna Murtala Nyako. Amma kotu ta ba da umarnin a rantsar da mataimakin Nyako, Bala Ngilari, a matsayin gwamna a watan Oktoba na shekarar, saboda takardarsa ta ajiye muƙamin mataimaki kakaki aka kai wa, alhali sashe na 306 ya ce gwamna ake kai wa.