Yaya, ga amsar tambayarki kan masu cewa su ba mace ba namiji

Yaya na saurari saƙon muryarki har sau biyu, naji hankalinki a tashe yake saboda bidiyon nan da aka tura miki, kina tambaya wai meye nonbainari kuma ya muke yi da yaranmu a Kanada. To bari in faɗa miki abin da idona ya gani a shekara 11 da nayi a nan birnin Kalgari.

Nonbainari mutum ne da yake cewa a cikin ransa baya jin shi namiji ne zalla ko mace zalla, wani yace yana tsakani, wani yace baya ko ɗaya. Dan Allah karki haɗa shi da mata-maza, wancan halitta ce a jiki, malamanmu suna kiransa khunsa kuma har rabon gadonsa yana cikin littattafan Malikiyya, rabin kason namiji da rabin na mace idan an kasa tantancewa. Kuma ba daidai yake da ɗan daudu ba, ɗan daudu kowa na ce masa shi. Ba kuma maganar wanda mutum yake so ya aura bace. Su kansu wannan bambancin suna ɗaukarsa da muhimmanci sosai.

Basu da yawa yadda waya take nuna miki. Ƙidayar jama'ar Kanada ta 2021 ita ce ta farko da aka tambayi mutane wannan, aka samu wajen mutum 41,000 daga masu shekara 15 zuwa sama, idan aka haɗa da waɗanda suka sauya jinsi sun kai dubu ɗari da ɗoriya, kusan ɗaya cikin 300 kenan. Amma doka tana kare su, tun 2017 haramun ne a wulaƙanta mutum a kan haka a dokar tarayya, kuma a fasfo mutum yana iya zaɓar X a maimakon namiji ko mace.

A gidan kula da tsofaffi da nake aiki akwai mutum ɗaya haka, da ɗan baji a ƙirji an rubuta they, wato su. Ranar farko wallahi na rasa yadda zanyi, sai na riƙa kiran suna kawai. Turanci ma da sauƙi, mu Hausa ko gaisuwa zakiyi sai kin zaɓa, ka kwana lafiya ko kin kwana lafiya, babu hanyar tsakiya, ranar da nake ba Baban yara labari sai harshena ya sarƙe, in ce ya ce, in ce ta ce, ƙarshe na koma sun ce kamar ina maganar surukata. Su ɗin nan ne suka karɓar min aiki ranar ƙaramar sallah ba tare da na roƙa ba, kuma da azumi sukan ɗauki kwanon abincinsu su koma wani ɗaki don kar in ji ƙamshi. Ni kuma ban taɓa ɓoye cewa a addinina namiji da mace Allah Ya halitta ba, sun sani, sun ga hijabina, sun ga dardumata a kabad, bamu taɓa faɗa ba.

Inda abin yake da zafi a wajenmu makaranta ce. Ƙaramar tawa tana da shekara 9 ta dawo gida tace Mama akwai wani a ajinmu da ba yaro ba ba yarinya ba, gabana ya faɗi ba ƙarya, amma na zaunar da ita nace mata abin da mu muka yarda dashi kenan, wasu kuma sun yarda da wani abu daban, kuma duk ranar da naji ta tsokani yaron nan ko tayi dariya da masu tsokana ni da ita ne. Na fi son taji daga bakina, idan na daka mata tsawa gobe bazata sake kawo min tambaya ba, intanet zata je.

Mu kanmu Hausawan nan bakinmu bai zo ɗaya ba. Wasu sun fita zanga-zangar iyaye ta Satumban 2023 kan yadda ake koyar da maganar jinsi a makarantu, wasu sun maida yaransu makarantar Musulunci mai kuɗi duk da tsadarta, wasu sunce su dai a bar su suyi tarbiyya a gida. A 2024 gwamnatin Albata, lardin da Kalgari take ciki, tayi dokar da tace sai da yardar iyaye kafin makaranta ta canza wa ɗan ƙasa da shekara 16 suna saboda maganar jinsi, da yawanmu sunji sanyi, ni ma naji, amma na ga yadda fuskar abokin aikin nan nawa ta canza a satin, sun ce akwai yaran da in gida suka sani kora ce, kuma na kasa cewa ƙarya ne.

Ki gaya wa Inna ta kwantar da hankali, jikokinta suna zuwa islamiyya duk asabar, babbar ta shiga izu na uku.