Amsa ga ƙanwarmu ta Tawa da aka zaɓa ta ja fim

Ƙanwata, kin ce za ki fito a matsayin 'yar talla da ta gudo Yamai don ta tsira daga auren dole, kina tambaya ko wannan zai zame miki sana'a.

Zai iya, amma fara da gida. Zalika Souley, wadda ta fara fim a 1966, ta sha zagi saboda mutane sun kasa raba ta da matan da take kwaikwaya. Har yau haka ake. Ki sa darakta ya zo ya zauna da iyayenki, ya karanta musu labarin duka.

Wajen wasan kuma, sababbi sukan cika kuka. Yarinyar da ta saba da wahala ba ta kuka kullum. Tana ciniki, tana dariya, tana ɓoye kuɗi. Je kasuwa ki kalli yadda 'yan talla suke ɗaukar faranti.

Kada ki fara aiki ba takardar yarjejeniya: kuɗinki, kwanakin aiki, masauki. Ki kai ta ga lauya ko ofishin BNDA, masu kula da haƙƙin mallaka. Idan ba ki kai shekarun da doka ta yanka ba, waliyyinki zai sa hannu. Makaranta kuwa, don Allah kada ki bar ta. A ɗauki fim lokacin hutu.