Alhaji, sirrin banki yana da iyaka

Wani Alhaji mai sayar da atamfa a babbar kasuwar Maraɗi ya aiko da tambaya: "Kuɗina a akwatin ƙarfe nake ajewa a gida. Yara sun matsa in kai banki, ni kuwa ba na so kowa ya san abin da na mallaka, balle mutanen lampo. Da gaske suna iya leƙawa?"

Alhaji, da gaske ne, ba zan ɓoye maka ba. Amma "kowa" ɗin nan a raba shi gida biyu. Maƙwabcinka na rumfa ko ɗan'uwa mai ƙyashi, in ya je banki yana bugun ciki, ma'aikaci ba shi da ikon buɗe baki, doka ta ɗaure shi. Akwai kuma dokar kare bayanan mutane ta 2017, wadda aka sabunta a 2022, hukumar HAPDP a Yamai ita ke karɓar ƙorafin wanda aka fallasa.

Hukuma kuwa ƙofarta daban. Ma'aikatar lampo, wato DGI, tana iya neman bayanin asusunka, alƙali ma haka. In kuma banki ya ga kuɗi na shige da fice fiye da yadda sana'arka za ta ɗauka, wajibi ne ya sanar da CENTIF, masu bin sawun kuɗin haram, kuma ba zai gaya maka ya sanar ba.

To akwatin fa, ya ɓoye ka? Dilar da ta bi ta duwan a Ɗan Isa tana rubuce, lambarka ta biyan lampo, wato NIF, tana kan takarda. Sawunka ya riga ya fita, kuɗin kawai ka bar wa gobara da ɓarawo, su kuwa ba su neman izinin alƙali.

Ni shawarata ka buɗe asusu biyu, na kasuwa daban, na cefane daban, kowane babban zubi ka aje takardar cinikin da ya kawo shi. Inda na fi ganin ƴan kasuwa sun shiga uku shi ne aron asusu. Abokin hulɗa daga Jibiya ya ce a tura masa miliyan kaza ta naka, gobe ya zo ya karɓa, kai kuma kunya ta hana ka ƙi. Ranar tambaya, sunanka ne a kai, shi yana can ƙetare. Ka ce masa ya buɗe nasa.

Lambar sirrin wayarka kuma, in yaron shago ya san ta, yau ɗin nan ka sake ta.