Amsa: Hula da sandar bishop

Ɗan'uwa, ka ce me ya sa ƙaramar hular Bishop Kukah na Sakkwato shunayya ce, ta Kadinal Onaiyekan kuma ja. A Katolika launi shi ke nuna muƙami: shunayya ta bishop da babban bishop, ja ta kadinal, fara ta Fafaroma. Shi ma Onaiyekan shunayyar yake sawa kafin a naɗa shi kadinal a 2012. Jan kuwa nuni ne cewa mai shi a shirye yake a zubar da jininsa saboda bangaskiya.

Doguwar hular nan mai tsini biyu, mai leɓatu biyu a ƙeya, ta lokacin sujada ce kawai. Ka lura, bishop yakan tuɓe ta in ya tsaya addu'a a bagade.

Sandar mai lanƙwasasshen kai ta makiyayi ce, kuma a ganina ita ta fi komai ma'ana. Da hagu yake riƙe ta, don dama ta sa wa jama'a albarka. Sai zobe a hannun dama, alamar riƙon amanar ikilisiya, da gicciye a ƙirji.

Kada ka nemi waɗannan a ECWA fa, su ba su da muƙamin bishop. Angilika na da shi.