Amsa ga ɗan'uwa mai neman shawarar tara kuɗin rijiya

Assalamu alaikum. Ƙanena, na ga tambayarka: ku matasan garinku kuna son kafa gidauniya don haƙa rijiyar burtsatse, tunda rijiyoyin gargajiya duk sun ƙafe, kana neman ta inda za ku fara. Allah Ya saka muku da alheri. Mun bi wannan hanyar a ƙauyenmu, bari in faɗa maka abin da muka gani da ido.

Tara kuɗin bai wahalar da mu kamar yadda muka zata ba. Mun fara da gaida dagaci da liman, ranar Juma'a liman ya yi huɗuba a kan hadisin da Sa'ad bn Ubada ya tambayi Annabi (SAW) wace sadaka ce ta fi, aka ce masa shayar da ruwa. Daga nan muka bi 'yan garinmu mazauna Kano da Legas da Abuja ta WhatsApp. Mun buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, sai mutum 3 sun sa hannu kuɗi ke fita, kuma duk mako muna liƙa lissafi a ƙofar masallaci. Kada ku kuskura ku yi amfani da asusun mutum ɗaya, ko da kuwa waliyyi ne, zargi kaɗai ya isa ya watsa ku. Manoman da ba su da tsabar kuɗi sun ba da tiyar gero ko wake, muka sayar.

Inda muka sha kashi shi ne wajen haƙan. Wani ɗan kwangila ya ce mana binciken ƙasa ɓarnar kuɗi ne, shi da ido yake gane inda ruwa yake. Muka yarda. Ya haƙa a ƙarshen damina, ruwa ya fito, aka yi ta kabbara. Kafin watan Afrilu sai iska kawai famfon ke busowa. Har yau ina tuna wata tsohuwa da ta sayar da akuyarta ta ba mu kuɗin. Na same ta da sassafe tana ta tuƙa famfon, jarkarta ba ko ɗigo. Ba ta ce mini komai ba, ni ma na kasa haɗa ido da ita.

Daga baya muka fahimci dalili. Yawancin ƙasar Kano, Katsina, Zamfara da Kaduna dutse ne a ƙarƙashi, ruwan yana maƙale ne a tsagogin dutsen, kana iya gocewa da 'yan taku ka rasa shi. Shi ya sa dole masanin ƙasa ya zo da na'urarsa ya auna tukuna. Ku haƙa a tsakiyar bazara, lokacin da ruwan ƙasa ya yi can ƙasa. Abin da kuka samu a lokacin shi ne na gaskiya. Ku nisanta da masai aƙalla mita 30 saboda kwalara. A rubuta yarjejeniya gaban dagaci, a biya kashi-kashi, kason ƙarshe sai an ja ruwa na sa'o'i an ga bai yanke ba, an kuma kai shi gwaji. Ku leƙa ofishin RUWASSA, wato hukumar samar da ruwa da tsafta a karkara, na jiharku, sun san zurfin ruwan yankunan.

Sai batun gyara, wanda a ganina ya fi komai. Ka duba yawan famfunan da suka mutu a ƙauyuka, sau da yawa 'yar roba ce kawai ta cinye aka rasa mai saya. A karo na biyu mun zaɓi tuƙa-tuƙa samfurin Afridev saboda 'yan gari na iya kwance shi da kansu, muka tura samari 2 suka koyi gyara. Sola da tanki sun fi daɗi, amma sai da katanga da mai gadi. Mun kafa kwamiti har da mata, domin su da yara ne ke ɗibar ruwan, kowane gida na ba da ɗan abin da ya sawwaƙa duk wata.

In kun samu rahoton binciken ƙasar, turo mini in duba tare da wanda ya yi mana namu kafin ku biya ko sisi.